Awo da Cefane a Ƙasar Zamfara



Tun da manyan kantunan zamani suka yawaita a biranenmu, irin waɗanda mutum ke shiga ya ɗebi abin da ransa ke so ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, sa'an nan ya biya a bakin ƙofa gwargwadon abin da na'ura ta faɗa, sai wani zato ya soma shiga zukatan samarinmu masu sabon aure, wai cefanen wanda ya waye ke nan, kasuwa kuwa ta marasa hali ce. Ni ban ga aibin kanti ba, sana'a ce ta halal, akwai ma abin da ba a samunsa da sauƙi sai can. Amma nufina a nan in yi magana a kan gidan da ke ci ya ƙoshi har shekara ta zagayo bai dogara da kanti ba, domin irin wannan gida shi ne mafi rinjaye a Gusau, balle Tsafe da Bunguɗu, kuma abin da ke riƙe da shi ilmi ne da amana, waɗanda idan uba bai kama hannun ɗansa ya nuna masa su a tsakiyar kasuwa ba, to ba wata makaranta da za ta koya masa.

Kanti dai ba baƙo ba ne a Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa. Sa'ad da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau har ta kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC sun kafa kantunansu suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da gishiri da sukari da kananzir da atamfa, har yau ga sunan unguwar Kantin Daji nan yana shaida. Duk da haka kakanninmu, waɗanda suka yi mu'amala da waɗannan kantuna shekara da shekaru, ba su taɓa ɗora tukunyar tuwonsu a kansu ba. A zamaninmu ma mun ga kantin Shoprite da aka buɗe a Kano a 2014, aka yi ta tururuwa zuwa kallonsa, ya rufe ƙofa a farkon 2024, alhali Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana nan tana ci.

Magidanci mai tadbiri yakan raba sayayyarsa gida uku, ko da bai taɓa zama ya lissafa haka ba. Akwai awo na shekara, watau dawa da gero da masara da wake da shinkafa, akwai kayan miya masu jure ajiya da akan tanada wata-wata, sa'an nan ga cefanen yau da gobe na ɗanyen kaya da nama. Daga cikin ukun nan awo shi ne ginshiƙi, domin gidan da ke da hatsi a ɗaka, ko da maigida ya wayi gari ba ko sisi a aljihunsa, za a kaɗa miyar kuka da daddawa yara su ci su kwanta, ba wanda zai ji sirrin gidan a waje. Hikimar awo kuwa tana ga lokaci. Da kaka, lokacin da manomi ke fito da amfanin gonarsa domin biyan bashi da hidimar aure da ɗinkin iyali, hatsi yana araha. Da bazara ta kama, aka shiga damina rumbuna suka yi ƙasa, sai tiyar da ka raina a watan Nuwamba ta zama abin da kake nema ido rufe a watan Yuli. Wanda ke sayen shinkafa ƙulli-ƙulli a leda kowane mako bai san wannan hawa da sauka ba, shi dai a kullum yana biyan farashin ranar, tare da kuɗin leda da na fitila da na hayar ginin da ya shiga.

A je layin ma'auna a kasuwar Tsafe, a tsaya gefe a kalli dattijon da ya san awo. Ba ya fara tambayar kuɗi. Sai ya yi sallama, ya gaida mai kaya da kasuwa, ya tambayi mutanen gida, sa'an nan ya naɗe hannun riga ya cusa hannunsa cikin buhu har gwiwar hannu, ya damƙo daga can ƙasa, domin abin da ke sama kowa ya san an gyara shi. Ya baza a tafinsa ya hura, ya duba yawan ƙaiƙayi da tsakuwa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotse da sauran danshi, kuma hatsi mai danshi fumfuna zai yi a ajiya. In wake ne sai ya kai hanci, domin wanda aka zuba wa maganin ƙwari ba ya ɓoye warinsa ga mai lura. Bayan wannan ne zai ce, "Nawa tiya, Alhaji?" A faɗa masa, ya taya, a ce albarka, ya ƙara kaɗan, a ce a dai ƙara, har a kai inda mai kaya zai ce ya sallama. Ko a nan ma aiki bai ƙare ba, sai ya karɓi tiyar ya juya gindinta ya ga ko an bubbuge shi ya shige ciki, ya tsaya a kan a cika ta ta yi tozo kamar yadda al'adar wurin take, yana ƙirga kowace tiya da bakinsa tare da ma'auni. A ƙarshe a watsa masa gyara, a yi musafaha, kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin kasuwarmu ta tsarkaka daga aibi. Da ta tsarkaka, da dattijon nan bai juya gindin tiya ba. Algus yana nan, tauye mudu yana nan, akwai masu jiƙa hatsi ya ƙara auki, akwai masu jera manyan tumatir a bakin kwando su binne ruɓaɓɓu a ƙasa, ga kuma masu tare mutanen ƙauye a hanya su saye kayansu tun ba su iso sun ji farashin kasuwa ba. Sai dai duk waɗannan cututtuka ne da shari'a ta san su, ta ambace su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ba da maganinsu. Sura guda ta Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye awo ta buɗe. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi inkari. Haka kuma ya hana tare fatake kafin su shigo kasuwa, ya hana ihtikari, watau ɓoye abinci a jira ya yi tsada alhali jama'a na cikin buƙata. Malamanmu na jihadi ba su bar wannan babi ba: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki abin da masu iko ke karɓa da ƙarfi daga hannun 'yan kasuwa da mahauta, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Liya'ul Hukkami ya yi bayanin aikin muhtasibi, mai duba mudu da sikeli. Ashe ke nan wanda ya karanta babin ciniki na Risala a zaure, ya fito ya kasa gane tauyayyen mudu, karatunsa da saura.

Wani rukuni na cefanenmu kuma ba a kasuwa yake ba sam, yana cikin gidaje, a hannun iyayenmu mata. A kowace unguwa ta Bunguɗu an san gidan da ake man gyaɗa, tun daga lungu ƙamshin suya zai gaya maka an soma aiki. A soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a dawo a yi ta juya tunkuza da muciya ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, a kwashe shi a kwalabe, abin da ya rage a mulmula ƙuli-ƙuli. An san gidan daddawa, da gidan fura, da wadda hocenta ya fi na kowa, da wadda ke daka kuka mai kyau ba ta haɗa ta da wani ganye. Kuɗin da ka kai irin wannan gida ba ya barin unguwa. Da shi ake zubin adashi, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya mace, da shi gwauruwa ke riƙe marayunta ba ta miƙa hannu ga kowa ba. Abu guda ne ke ci mini rai a wannan fanni, shi ne tallar 'yan mata a lokacin da sa'o'insu ke aji, da yawonsu a tasha har bayan magariba. Maganin wannan kuwa yana hannun mai saye kafin kowa: ka aiki yaronka gidan ya sayo, ko ka tsaya da kanka a zaure ka yi sallama, sai buƙatar ɗora wa yarinya faranti ta ragu.

Sai mai tireda na bakin layi, wanda ake rainawa saboda ƙanƙantar shagonsa. Farashinsa na iya ɗara na babban kanti da 'yan nairori a sabulu ko madara, wannan gaskiya ne. Amma a tuna da farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da mutum ke da kuɗi a banki amma ba ya iya taɓa su, ana kwana a layin na'urar cirar kuɗi, tura kuɗi ta waya kuma ya ƙi tafiya. Mutanen ƙauye da ba su da asusun banki sun sha wuya ƙwarai, sun karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Gidaje da yawa a cikin gari kuwa ba abin da ya rufa musu asiri sai ɗan littafin nan na mai tireda, inda yake rubuta bashin sukari da taliya da ashana, ba jingina ba shaida, saboda ya san mahaifinka, ya san inda kake sallar asuba. Wannan amana ba a ƙulla ta ranar da wahala ta zo. Wanda ya shekara yana wuce shagon maƙwabcinsa a mota, da wane ido zai tsaya a gabansa ya ce a rubuta?

Babbar barazana ga wannan tsari duka, a ganina, tana kan hanyoyin da ke tsakanin gona da kasuwa. Mu mutanen wannan jiha, wadda aka ƙirƙiro a 1996 da kirarin noma, mun ɗanɗana abin da ake nufi da mutuwar kasuwa a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya, duk domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun guzuri. Ko mene ne hukuncin mutum a kan wancan mataki, a makonnin nan ne mazaunin Gusau ya gane da idonsa cewa tuwon da ke gabansa daga Wanke da Magami da Mada yake zuwa, daga Ɗanjibga da Bilbis, daga Nahuce da Kwatarkwashi, kuma ranar da mutanen can suka kasa fitowa, babu ginin da ya isa ya cike gurbinsu. Har gobe akwai ƙauyukan da manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan ta'adda haraji, ba ya girbi sai ya sake biya, sa'an nan ya ɗoro buhunsa a babur ya biyo hanyar da bai da tabbacin zai dawo ta cikinta. Idan irin wannan bawan Allah ya iso gabanka da wakensa, ka taya shi tayin mutunci. Ciniki halal ne, neman rangwame ma halal ne, amma matse wanda ka san larura ce ta fito da shi, har ya sallama yana haɗiye hawaye, ba na jin akwai albarka a cikin abin da aka rage ta wannan hanya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani kaso na farashin kowane buhu, saboda haka zuwa kasuwar ƙauye domin tiya biyar ba riba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su wakilta mutum guda wanda ya san hatsi kuma aka yarda da amanarsa, ya yi awon gaba ɗaya a kasuwar da hanyarta ke da aminci a lokacin, ko kuwa a wurin ma'aunan cikin Gusau, a ɗauko a mota ɗaya, a raba a gaban kowa da tiya ɗaya. Haka ake yi da rago ko sa a watanda, tun ba yau ba. Gero yana fara shigowa tun wajen Satumba, masara ta biyo, dawa da wake kuwa sai sanyi ya kama, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kuma a nan ne ya kamata mai albashi ya ƙuntata wa kansa wata biyu ya yi awonsa. Hatsin a ƙara shanya shi kwana biyu kafin a ɗaure, a ɗora buhunan a kan katako kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake kuma a zuba shi a jarka busasshiya a toshe bakinta sosai, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, domin ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga, ba sai an kai ga zuba maganin da zai dawo cikin tukunyar yara ba. Tumatir da tattasai da kuɓewa kuwa a jira lokacin da kayan fadama suka cika kasuwa da rani, a saya da kwando, a yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta inda awaki ba sa kaiwa.