Kazar da ta Zubar da Gashi

A kasuwar Baleyara ranar Lahadi, mai saye yakan ɗaga kaza, ya ga bayanta ba gashi, ya ajiye ta. Abin yakan tsaya mini a rai. Wata zakara ne ya yawaita hawanta, wata ƙwarƙwata ce ke cinta a akurki, wata 'yan'uwanta suka tsige ta saboda cunkoso da ƙarancin abinci. Wata kuwa lafiyarta lau, tsohon gashi take sakewa, har takan dakatar da ƙwai sai sabo ya fito. Daga nesa duk kamarsu ɗaya. Haka muke ganin mutum ya rame mu yi saurin yanke masa hukunci, alhali wani ciwo ne ke cinsa, wani kuma lokaci ne kawai ke juya shi. Mai kaji, ɗaga fiffikenta ka duba tukuna, ka zuba mata toka ta yi birgima.