Ɗaya ga Janairu a Khartum

A gidanmu da ke Gusau ba a san wani abu wai shi bikin ranar haihuwa ba lokacin da muke tasowa. Suna ake yi a rana ta bakwai, a yanka rago, a yi wa jinjiri aski, a raba goro, shi ke nan an rufe maganar. In ka tambayi shekarunka, uwa ba da kalanda take lissafi ba, da abin da ya faru take yi: wane da kaka aka haife shi ana cikin yankan gero, wance shekarar ƙidaya ce, ɗan maƙwabta kuwa sa'anka ne, kwana arba'in ya ba ka. Da makaranta ta buƙaci takarda, sai mahaifi ya je kotu ya yi rantsuwa a kan shekaru, magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu don ita ta fi saurin zuwa bakin alƙalami. Da wannan rana na zauna jarrabawa, da ita aka buga mini fasfo, da ita kuma na sauka a Khartum a 2012 don karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya.

Makarantar ta soma ne a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, ta zama jami'a a 1992, kuma a zamaninmu ba ƙasar Afirka da za ka nema ka rasa ɗanta a ɗakunan kwana. Mu masu jin Hausa mun yi yawa: 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan zangon Kumasi, da 'yan Garwa ta Kamaru. Wata rana aka tattara fasfo don sabunta izinin zama, sai Bakatsinen da muka ɗora wa aikin ya dawo ɗaki yana ta juya takardu. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Ashe yawancinmu rana ɗaya aka haife mu." Muka duba, haka ne. Wani ɗan Damagaram ya ce su tasu takardar ma ba ta yi alkawarin rana ba, "wajajen shekara kaza" aka rubuta da Faransanci, sai a fasfo aka cike masa da 1 ga Janairu. 'Yan Somaliya da 'yan Chadi da ke ɗakin da ke kusa da mu su ma da yawansu haka abin yake.

Sai aka yi dace, ranar hutu ce a Sudan. A ranar 1 ga Janairun 1956 ne ƙasar ta karɓi mulkin kai, Firaminista Isma'il al-Azhari ya ɗaga tuta, don haka ba lacca, ba ofis, gidajen rediyo suna ta sakin waƙoƙin kishin ƙasa, muryar mawaƙi Muhammad Wardi tana tashi daga kowane shago. Kuma lokacin sanyi ne. Wanda bai zauna a Khartum ba ba zai gane darajar wannan ba. A watan Mayu zafi yakan kai digiri 45, ga guguwar habub da ke tasowa ja wur ta rufe gari, mutum ya tauna ƙasa a cikin burodi. A Janairu kuwa gari yakan yi laushi, da dare har a nemi rigar sanyi, kowa ya sami natsuwar da zai zauna a waje. Duk abin da ake bukata don a taru ya samu, saura dalili, ga shi kuma fasfo ya ba mu.

Ba a fara lami lafiya ba. Akwai wani Bazazzagi a cikinmu, ya girme mu, yana karatun Shari'a, mu duka Malam muke ce masa. Da ya ji shirin sai ya ce shi ba ruwansa, wannan al'adar Nasara ce, kuma ba a san magabata da ita ba. Wani ya tuna masa hadisin da ya danganta azumin Litinin da ranar da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malam ya ce to sai ku yi azumi, ba ku dafa tuwo ba. Aka kwana ana ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan ba kyandir, ba waƙa, ba kiɗa. A buɗe da karatu, a ci abinci, a rufe da addu'a ga iyaye. Malam ya ce in haka ne walima ce, kuma shi ba ya ƙin amsa kiran walima. Har muka rabu bai taɓa kiranta bikin haihuwa ba, kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Shi yake yin addu'ar rufewa. Har yau ina ganin girmansa a kan wannan, domin ya riƙe abin da ya yarda da shi bai kuma yar da 'yan'uwansa ba.

Kuɗi ne babbar matsala. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997 ya sa a lokacin katin banki na waje ba ya aiki, sai dai iyaye su ba wa wani ɗan kasuwa ko ɗalibi mai dawowa dala ya riƙo maka, wani lokaci a yi wata biyu ana jira. Ga shi Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, fam ɗin Sudan yana ta faɗuwa, abin da ka saya yau ba haka za ka same shi jibi ba. Saboda haka karo-karo ake yi. Bakatsine yakan yage bangon littafi ya jera sunaye, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda ba shi da ko sisi sai a rubuta "aiki" a gaban sunansa, shi zai je kasuwa, shi zai wanke tukwane. Ba a taɓa karanta takardar a bainar jama'a ba, kuma ba wanda ya san nawa wani ya bayar.

Wurin girki muka samu a unguwar Mayo, can kudancin birni, gidan wani abokin karatunmu Bahaushen Sudan. Kakanninsa suna cikin mutanen da suka bi hanyar Makka a ƙafa suka yada zango ba su ƙarasa komawa ba. Danginsu na wajen uwa 'yan Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ya ɗauki sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahaifiyarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta tsaf take, irin ta tsofaffin ƙauye, sai dai Larabci yakan faɗo mata a tsakiyar zance. Inna muke ce mata.

Garin dawa muka saya a kasuwa, da busasshiyar kuɓewa wadda mutanen Sudan ma suke miya da ita. Daddawa kuwa sai wadda aka zo da ita daga gida. Wani ɗan Sakkwato ne ke da ita, ƙulle cikin leda a cikin leda a cikin gwangwanin madara, yana ɓoyonta a ƙarƙashin akwati, ba ya fito da ita sai wannan rana. Da ya kwance ƙullin a tsakar gida, Inna ta miƙo hannu ta gutsura kaɗan, ta kai hanci, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce haka ɗakin kakarta yake ƙamshi. Mu kuma muka dage sai mun tuƙa tuwon da kanmu. Ɗan Damagaram ya durƙusa gaban murhu, ya danne tukunya da ƙafa, gumi yana tsiyaya, tuwo yana ta yin gudaji. Inna tana zaune a kan gadon igiya tana kallo, har ta kasa daurewa.

"Ɗana, ba ni muciyar nan. Hannu ake juyawa, ba kafaɗa ba."

"Inna, ai yau ranar hutunki ce."

"Uwa tana gida 'ya'yanta su ci gudaji? Kawo."

Cikin ɗan lokaci ta murje shi ya yi santsi, ta kwashe da mara a manyan faranti. Muka zauna a tabarma, kowane faranti mutum biyar ko shida, ga tsiren agashe da aka sayo wajen Hausawan bakin titi, ga yajin ƙuli na wani Bakano, ga zoɓo mai sanyi a bokiti. Maimakon kek, faranti ɗaya na basta ake sayowa, wato zaƙin nan mai ɓawo-ɓawo da gyaɗa a ciki, a yanka shi ƙanana don ya kai ga yaran maƙwabta da suka cika ƙofa. Na ci abinci a wurare masu tsada bayan haka, ban sake cin tuwon da ya kai wannan ba.

Bayan la'asar sai a cika motar haya a nufi Titin Nilu. A can, daga wajen gadar Tuti har zuwa Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, mata masu shayi suna jera ƙananan kujeru a bakin ruwa, kowace da kaskon gawayinta da kwalaben kayan ƙamshi. Mukan haɗa kujeru mu yi da'ira, a kawo gahawa mai citta a 'yar butar ƙasa, a ajiye turaren wuta a tsakiya. A nan ne ake yin abin da ya zama zuciyar ranar, ko da yake ba wanda ya tsara shi da farko. Kowa zai faɗi abin da aka gaya masa game da haihuwarsa.

Ɗan Damagaram a gona naƙuda ta kama mahaifiyarsa, a kan amalanke aka dawo da su gida. Ɗan Kumasi tagwaye ne, Hassan ɗinsa bai kai suna ba, kuma sai ranar muka san haka, alhali mun daɗe muna kwana ɗaki ɗaya. Malam ya ce shi bai san mahaifiyarsa ba, wajen haihuwarsa ta rasu, gwaggonsa ce ta shayar da shi. Daga nan na fahimci wani ɓangare na ƙin da ya yi wa ranar tun farko, kuma na fahimci nauyin zuwan da yake yi.

Ni kuwa a shekarar farko ba ni da abin faɗa, don ban taɓa tambaya ba. Sai na sayi katin waya na koma gefe na kira mahaifiyata a gida.

"Inna, yau abokai suke yi mini murnar ranar haihuwa."

"Wace haihuwa kuma da sanyin nan? Ai kai ɗan damina ne."

Ta ce a farkon watan Cika-ciki ta haife ni, 'yan kwanaki bayan jirgin alhazan da zai sauka Sakkwato ya faɗi a Jidda. A lokacin Gusau tana cikin Jihar Sakkwato, gari duk zaman makoki ake yi, har a layinmu akwai gidan da aka yi rashi. Saboda haka aka yi sunana ba kiɗa ba guɗa, da asuba aka raɗa, aka raba goro, mutane suka wuce wajen ta'aziyya. Ta ce ruwa ya kwana yana zuba daren da na zo, ungozoma da fitilar ƙwai ta shigo. Katin ya ƙare tana cikin sa mini albarka. Hatsarin nan ya auku ne ranar 11 ga Yulin 1991, mutum 261 suka rasu a ciki, don haka a ranar na san watan da aka haife ni. Na dawo da'ira na ba da labarin, Malam ya sa aka yi wa alhazan addu'a.

Wannan ne abin da nake ganin masu sukar irin wannan taro daga nesa ba sa lura da shi. A gida, mutum yana kewaye da waɗanda suka ga zuwansa duniya: gwaggon da ta yi masa wankan farko, wanzamin da ya yi masa aski, maƙwabcin da ya feɗe ragon sunansa. Ba ya bukatar wata rana ta musamman, kullum ana tuna masa ko shi ɗan wane ne. A baƙunta kuwa lamba ce kai a takardar izinin zama. In zazzaɓi ya kwantar da kai, ba wanda ya san sunan da uwarka take kiranka da shi. Abin da muka yi a bakin Nilu shi ne muka ba wa juna ajiyar asalinmu, kuma daga ranar zaman ɗaki ya canza. Wanda ka san an haife shi a kan hanyar gona, ko ya rasa ɗan'uwan tagwaicinsa, ba ka iya wuce shi yana kwance ba ka tambayi lafiyarsa ba.

Na bar Sudan kafin zanga-zangar tsadar burodi da ta tashi daga Atbara a Disambar 2018, wadda ta kai ga tumɓuke Shugaba Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Ƙannenmu da suka zo bayanmu sun ci gaba da taron, suna aiko mana da hotuna. Sai ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da mayaƙan RSF a tsakiyar Khartum ana cikin azumi. Ɗaliban Najeriya aka kwashe su a motoci, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan, suka baro littattafai da takardun shaida a ɗakuna. Inna da iyalinta ba su da ofishin jakadancin da zai kwashe su. Sun gudu Wad Madani, da ita ma ta faɗa hannun mayaƙan RSF a Disambar wannan shekara suka sake ɗaukar kaya zuwa Gadarif. Ɗanta abokinmu, wanda ya yi digiri tare da mu, yana tura baro a kasuwa don ciyar da su.

Bakatsine ne ya fara magana a zaurenmu na WhatsApp, ya ce tunda yanzu kowa yana da abin yi, a dawo da takardar karo-karo. Haka muke yi duk ƙarshen Disamba. Malam yana koyarwa a Zariya, ɗan Damagaram yana aikin asibiti a Maraɗi, ɗan Kumasi yana Doha, kowa yana turo nasa a ɓoye kamar dā, Bakatsine ya haɗa, a nemi ɗan canji ya tura wa abokinmu ta manhajar Bankak. Sojoji sun ƙwace Khartum a Maris ɗin 2025, mutane sun fara komawa, amma gidan Mayo an cire masa ƙofofi da kwanon rufi, kuma Inna ta ce ba za ta koma ba sai an gyara ɗaki ɗaya da banɗaki. Kuɗin da muka tara a zagayen da ya wuce na sayen kwano da katako ne.