Ruwan Gihon da Mutanen Lakish

A makarantar dare, sa'ad da muke yara, labarin sarautar Bani Isra'ila yakan fara daga Ɗalutu, ya biyo ta kan Annabi Dawuda, ya tuƙe ga Annabi Sulaimanu. Sai da na girma na san cewa zuriyar Dawuda ta ci gaba da mulki a Ƙudus sama da shekara 300 bayan Sulaimanu. Ƙasar ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Cikin sarakunan kudun, wanda zamaninsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Hezekiya.

Wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin arewa, suka kwashe jama'arta. Masu gudun hijira daga arewa suka sa Ƙudus ta cika ta batse har gidaje suka haye tudun yamma, aka zagaye su da ganuwa mai kaurin mita 7. Da Sarkin Assuriya Sargon ya mutu a 705, Hezekiya ya daina kai wa Assuriya haraji, yana sane cewa runduna na tafe.

Garin da aka yi wa ƙawanya, ƙishirwa ce ke fara karya shi. Maɓuɓɓugar Gihon, wadda birnin ke sha daga gare ta, tana gindin tudu ta gefen kwarin Kidron, inda abokan gaba za su iya tare ta. Sai aka sa mahaƙa su huda dutse ta ƙarƙashin gari, tsawon mita 533, zuwa tafkin Siluwam. Ƙungiya biyu suka kama aiki, ɗaya daga kowane baki, da diga da 'yar fitilar mai, a ramin da mutum ɗaya ke wucewa da kyar. Ramin ma ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa yake yi, amma duk da haka suka haɗu.

A 1880 aka gano rubutun da aka sassaƙa a bangon ramin, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul. Yana ba da labarin yadda mahaƙan suka jiyo muryar juna ta cikin dutse kafin digoginsu su haɗu, ruwa ya gangaro. Babu sunan sarki a cikinsa ko sau ɗaya. Wannan yana taɓa ni ƙwarai, don a wancan zamani da wuya a sassaƙa dutse saboda gumin talaka.

Sennakerib, wanda ya gaji Sargon, ya iso a 701 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙudus ta tsira, kuma nan ne yawancin masu ba da labari ke ajiye zance. Ni kuwa hankalina yana kan Lakish, birni na biyu a Yahuza. Assuriyawa sun tara duwatsu suka yi hawa zuwa ganuwarta, ragowarsa na nan har yau. Zanen yaƙin da aka sassaƙa a fadar Sennakerib a Nineba, wanda ke London yanzu, ya nuna mata da yara suna fita daga gari da ƙunshin kayansu, wasu a keken shanu. Sennakerib ya yi iƙirarin cin garuruwa masu ganuwa 46. Mazaunansu ba su suka yanke shawarar tawaye ba, amma su suka ɗauki nauyinsa.

Harajin da aka ƙi biya kuwa, sai da aka biya, har da zinaren da aka ɓanɓare daga ƙofofin Haikalin Ƙudus. Manassa, ɗan Hezekiya da ya gaje shi, ya ci gaba da kai wa Assuriya haraji.