Kyamarar Kakana

Yawancinku masu karanta wannan shafi ba ku taɓa riƙe kyamarar da sai an saka mata fim ba. Ni ma sai bara na riƙe, shi ma don an ɗora mini sayar da ita ne.

Ta kakana ce, Allah ya ji ƙansa. Manomi ne a Ungogo, amma da an gama girbin gero da dawa sai ya rataye ta a wuya, ya hau keke ya bi gidajen biki da suna. Ranar Hawan Fanisau kuwa ba a ganinsa sai magariba. Sunanta Yashica Electro 35, ƙirar Japan, wadda aka fara fitarwa a 1966. Fim guda hoto 36 yake ci, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai cikin gari an wanke. Shi ya sa, in ji kakata, yakan shanya mutum a rana yana ta gyara masa hula kafin ya danna.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake saita ta. In ka leƙa ta 'yar tagarta, sai ka ga fuskar mutum ta rabu biyu a tsakiya. Sai ka riƙa murɗa zoben gilashin gaba a hankali har fuskokin su haɗe, to a nan hoton zai fito tar. Da haka take auna nisan da ke tsakaninku. Yau waya ce ke yi mana wannan aikin, ba ma ko sanin an yi.

Kuɗin rajistar jami'a ne ya taso, ga taki ya cinye abin da Baba ya tara. Sai dai kyamarar gado ce, akwai haƙƙin Baffa da gwaggona a ciki. Gwaggo ta ƙi. "Yanzu abin Malam ne za a kai kasuwa?" Kwana uku ana ja, sannan kakata ta raba gardama. Ta ce da ta lalace a adaka, gara ta biya wa jikansa karatu.

Ɗan gwangwan ya jinjina ta a hannu ya taya naira 1,500, wato ƙarfenta ya saya. Wani mai hoto a Sabon Gari ya ce min zamaninta ya wuce. A shagonsa dai gaskiya ya faɗa, amma a intanet na tarar matasa a Turai da Amurka, har da Legas, sun koma ɗaukar hoto da fim, suna neman irinta. Na sa hotunanta a Instagram. Wadda ta saya, wata ɗaliba daga Legas, ta yi min tambayoyi kamar mai neman aure: gilashin ya yi hazo? Tana dannuwa? Batirinta fa? Na gaya mata an daina yin irin batirin, sai da dabara, kuma soson murfin baya ya ruɓe. Muka daidaita a kan naira 45,000, na ba direba a tasha ya kai mata. Bai kai kuɗin rajistar ba, amma ya cike giɓin.

Fina-finan da Malam ya wanke ba mu sayar ba. Suna nan a nannaɗe cikin gwangwanin Bournvita. In ka ɗaga su a haske, fuskoki farare ne, fararen riguna kuma baƙaƙe. Yanzu ina ɗaukarsu da waya ɗaya bayan ɗaya, ina juya launin. A ciki na ga gonar da ke gefen Bachirawa tana cike da dawa, wurin da yau gidajen bulo ne maƙil. A bakin gonar ga wata yarinya da tulu a ka, ta ɓata rai. Na nuna wa Gwaggo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai ranar Malam ne ya hana ta bin ƙawayenta gidan biki.