Ranar da aka koro 'yata saboda launin hijabi

Ina tsakiyar darasi da ɗaliban aji uku a jami'a, wajen ƙarfe goma na safe, wata baƙuwar lamba ta kira ni har sau uku. Da na fita na amsa, sai na ji muryar wata dattijuwa tana cewa, "Malam, kai ne uban yarinyar nan mai shuɗin hijabi? To ka kwantar da hankalinka, tana wurina."

'Yata ce, mai shekara goma sha biyu, wadda ke ajin farko na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati. Laifinta shi ne hijabinta ya koɗe saboda yawan wanki, har launinsa ya saɓa wa wanda makaranta ta tsara. Malamin da ke duba ɗalibai a bakin ƙofa ya ware ta tare da wasu, ya ce su koma gida, maigadi kuma ya ja ƙofa ya rufe. Mai adaidaita sahun da ke jigilarsu ya riga ya tafi, sai an tashi zai dawo, ita kuwa ko sisi ba ta da shi. Ta kama hanya a ƙafa, ta ɓace a unguwar da ba ta sani ba. Dattijuwar, mai sayar da ƙosai a bakin titi, ta hango yarinya cikin kayan makaranta tana kuka a lokacin da ya kamata a ce tana aji, ta kira ta, ta zaunar da ita, ta ari wayar wani ta neme ni.

Tun daga ranar nake juya al'amarin a raina. Tufafin da suka jawo aka jefa 'yata kan titi, su ne kuma suka sa aka gane ta aka cece ta. Saboda haka ba ni da ja game da amfanin kayan makaranta. Ni kaina da gajeren wandon kaki da farar riga na yi firamare, kuma na tuna yadda suka daidaita ɗan hakimi da ɗan mai faskare a kan benci ɗaya. A wancan zamani, duk babban da ya ga yaro cikin yunifom yana gararamba a kasuwa zai kama hannunsa ya mayar da shi makaranta, domin ɗa na kowa ne. Har yau, kayan bai ɗaya na taimaka wa malami ya gane baƙon da ya saje cikin ɗalibai, suna kuma sauƙaƙa ƙirga yara in an shiga ruɗani.

Sai dai mun ɗora wa yadi nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Ɗalibai fiye da ɗari uku da aka sace a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran Kuriga a Maris na 2024, ba launin riga ko tsawon safa ne ya ba da su ba. Rashin tsaro ne, da makarantu masu nisa da agaji, da jinkirin kai ɗauki. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a 2021. Duk da haka, a makarantu da dama za ka tarar da katanga a rushe, amma dokar takalmi na nan daram. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai kuma batun mutunci. Shari'ar hijabi ta Jihar Legas ta ɗauki shekaru tana yawo daga kotu zuwa kotu, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi na da 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnati. Darasin da na ɗauka shi ne, dokar tufafi ta halatta matuƙar tana hidima ga ɗalibi, amma ba ta da hurumin shiga tsakaninsa da haƙƙinsa. In har ba a yarda ta raba yarinya da addininta ba, ina dalilin barin ta ta raba ta da ajinta, ko ta jefa rayuwarta cikin haɗari?

Kuma wa ake kora? Ni mai albashi ne, washegari na sayi sabon hijabi. Sauran yaran da aka ware tare da 'yata fa? Mafi yawan masu koɗaɗɗun kaya 'ya'yan waɗanda ke fama da abin sawa a bakin salati ne. Uban da aka koro masa 'ya sau biyu saboda yadi, a karo na uku yana iya ɗora mata tallar gyaɗa, mu kuma mu dawo muna kukan yawan yaran da ba sa zuwa makaranta.

Roƙona ga ma'aikatun ilimi da shugabannin makarantu bai wuce abu uku ba. Na farko, a haramta korar ɗalibi daga harabar makaranta a lokacin karatu saboda tufafi. A bar shi a aji, a aika wa iyaye takarda. Na biyu, a zaɓi yadin da ake samu a kowace kasuwa, wanda kowane tela zai iya ɗinkawa, mai jure zafin bazara. Na uku, ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa tattara kayan ɗaliban da suka kammala, a ajiye domin masu buƙata.

Na je na sami shugabar makarantar, ba da faɗa ba. Ta saurare ni, ta ba da haƙuri, ta ce malamin doka ya bi. Na ce mata, "Hajiya, ai shi ya sa na zo wurinki ban je wurinsa ba. Dokar ce ke buƙatar gyara." Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ita kuwa mai ƙosai, na koma da ɗan abin hasafi, ta ƙi karɓa. Ta ce ita ma tana da jika a makarantar gwamnati, fatanta ranar da aka koro shi ya sami mai zaunar da shi.