Hancin mota

Da hutu na koma gida Kiéché, na iske tsohuwar Peugeot 504 ta kawuna tana ɗigar baƙin mai. Da ita yake kai mutane da buhunan hatsi kasuwar Dogon Dutsi, kuma a nan guzurina na komawa Yamai ke fitowa. Duk ɗigon da ya faɗi ƙasa, aljihuna ya taɓa.

Abin haushi, sati guda ke nan da aka gyara mata reniflar. Kawu ya ce juwan ne, ya sayi sabo aka sa, mai bai daina zuba ba.

Muka kai ta wurin wani tsohon makanise. Ya tada mota, ya buɗe marfin mai, iska ta bugo mishi hannu. Ya ce, "Alhaji, motarka ba ta numfashi." Ya bi tiyo da yatsa, ashe wajen mayarwa an lanƙwashe shi. Hayaƙin da ke sulalewa ta gefen fistan ya rasa mafita, sai ya matsa ma mai, ya turo shi ta juwan.

Ni mai karatun ilimin harsuna a Jami'ar Abdou Moumouni, sai lokacin na tuna cewa reniflar daga kalmar Faransanci ta shaƙa da hanci ta fito. Shi tsohon "hanci" kawai yake ce mishi.

Ya miƙe tiyo, ya wanke man da ya ɓata, ya ce mu riƙa duba sandar mai kowace safiya. Kwana uku muna leƙa ƙarƙashinta, ƙasa a bushe. Kawu ya ƙirgo mini kuɗin mota.