Gadar Chenab: Jirgin Ƙasa a Sararin Samaniyar Kashmir

Rakiyar ɗan'uwa zuwa asibiti ce ta kai ni birnin Delhi na ƙasar Indiya. Da Allah ya ba shi sauƙi, sai na ƙudura ba zan koma gida ba sai na ga gadar da ta fi kowace gadar jirgin ƙasa tsayi a duniya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Katra da ke yankin Jammu, daga nan na ɗauki shatar mota, muka bi ta garin Reasi muna ta hawa da gangara har ƙauyen Bakkal.

Mu mutanen Doguwa ba baƙin dutse ba ne. Mun tashi muna kallon duwatsun Riruwai, mun saba ratsa dajin Falgore a hanyar Jos. Amma tsaunukan Himalaya sha'aninsu daban. Muna shan wata kwana sai ga gadar a gabanmu, ta dafa wannan tsauni da ƙafa ɗaya, ta dafa wancan da ɗayar, kogin Chenab kuma yana can ƙasa siriri, da ƙyar ido ke kama motsinsa. Ban san lokacin da na ce "Masha Allah" da ƙarfi ba.

Daga ƙasan kogin zuwa inda jirgi ke takawa mita 359 ne, wato ta ɗara hasumiyar Eiffel ta birnin Paris. Tsawonta mita 1,315, bakan ƙarfen da ya ɗauke ta kuwa ya tsallake mita 467 ba ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, zai gane dabarar. Maginanmu sukan fito da azara daga bangon nan da bangon can, suna ɗaurawa suna ƙarawa, har bakan gizo ya haɗu a sama, nauyin rufi ya sauka a kan bango. Haka aka yi a nan, sai dai azarar ƙarfe ce, bangon kuma tsauni. An kafa dogayen hasumiyoyi a kowane gefe, aka miƙa igiyoyin ƙarfe a tsakani, na'urar ɗaga kaya tana zirga-zirga a kansu tana kai wa ma'aikata ƙarfe gunduwa-gunduwa. Kowane rabi yana miƙowa cikin iska, an ɗaure shi ta baya kada ya rufta, har suka haɗu a watan Afrilun 2021. Cikin manyan ƙarafan bakan kuma an ɗura kankare, don ya ƙara nauyi, iska ta kasa jijjiga shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ido ba ya gani. Dutsen wurin mai tsattsagewa ne, yankin kuma ana girgizar ƙasa. Kafin a ɗora komai, sai da aka sassaƙe gefen tsaunin hawa-hawa, aka kafa masa dogayen ƙusoshin ƙarfe, aka fesa masa siminti. Wata malamar jami'a daga Bengaluru, Farfesa Madhavi Latha, ta shekara 17 tana ba da shawara kan wannan ɓangare. A 2008 ma tsayar da aikin aka yi cak saboda shakku kan ingancin wurin, aka sake bincike, sannan aka ci gaba. Ba su ɗauki tsayawa abin kunya ba. An tsara gadar ta jure iska mai gudun kilomita 266 a awa, ta kuma yi shekara 120 tana aiki. Kamfanin Afcons na Indiya ne ya gina ta, tare da masu zane daga Finland da Jamus. Da farko ko hanyar mota babu, a kan dawaki da alfadarai ake isa wurin, sai da aka fasa tituna, ƙauyukan yankin suka ci moriya tun kafin jirgi ya zo.

Kashegari na koma Katra na shiga jirgin Vande Bharat mai zuwa Srinagar. Muna fitowa daga wani dogon rami cikin dutse, haske ya buge mu, fasinjoji suka miƙe kowa da wayarsa. Na leƙa taga ban ga ƙasa ba, sai sarari, amma shayin da ke gabana bai ko karkata ba. Cikin kimanin awa uku muka isa, alhali hanyar mota zaftarewar ƙasa da dusar ƙanƙara sukan rufe ta kwana da kwanaki. Layin gaba ɗaya kilomita 272 ne, da ramuka 36 da gadoji 943. Firaminista Narendra Modi ne ya buɗe gadar ran 6 ga Yunin 2025, amma kwangilarta tun 2004 aka bayar. Gwamnatoci sun zo sun wuce, jam'iyya ta kayar da jam'iyya, ba wanda ya ce aikin ba nasa ba ne. A yau tuffar manoman Kashmir tana isa kasuwar Delhi a jirgi.

Nan ne tunanin gida ya kama ni. Jirgi ya iso Kano tun 1911. Akwai ma ɗan ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Dutsen Wai da Rahama, maƙwabtanmu, ya hau Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Yau masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada a bayan manyan motoci suke fita, kuɗin mota yana cinye ribar manomi. Ba kuma a ce ba mu iya babban aiki ba: madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, har gobe tana ciyar da Kano.

Kirana ga shugabanninmu shi ne su riƙa ƙarasa aikin da suka gada, ko da wani ne ya aza tubalinsa. Ku kuma 'yan makarantarmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku rungumi lissafi da kimiyya hannu bibbiyu. Waɗanda suka gina gadar Chenab mutane ne kamarku, ilimi da haƙuri suka kai su.